Wa Zai Yi wa Gwadabe Wanka?

A ofishinmu na bin takardu da ke Madain Fahd a Jidda na san Gwadabe. Duk shekara idan lokacin sabunta iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ya yi, yakan zo da fasfonsa a cikin leda, ya zauna yana shan shayi har in gama. A unguwar Hindawiyya aka haife shi. Kakansa ne ya zo aikin Hajji daga ƙasar Katsina bai koma ba. Fasfon Gwadabe na Najeriya ne, amma sau ɗaya ya taɓa zuwa can, ya dawo yana dariya wai kowa Balarabe yake ce masa.

Sana'arsa tuƙi. Ya yi wa gidan wani attajiri mai suna Hatim aiki a unguwar Abhur tun 'yan matan gidan suna firamare har suka yi aure. Sai dai a unguwa ba da tuƙi aka san shi ba. Tun yana saurayi limaminsu ya koya masa wankan gawa, kuma bai taɓa karɓar ko riyal ɗaya a kan wannan aiki ba. Mahaifina ma shi ya yi masa.

Abubuwa sun taru masa a 'yan shekarun nan. Matarsa Mariyamu ta rasu. Aka rushe unguwarsu, maƙwabta suka watse, hayar gida ta fi ƙarfinsa, ya koma kwana a ɗakin direba a Abhur. Matan gidan kuma duk sun koyi tuƙi. Hatim mutumin kirki ne, ya kira shi ya gaya masa cikin mutunci cewa zai sabunta masa iƙama sau ɗaya, daga nan sai ya nemi wani kafili, wato uban gidan da zai tsaya masa. Ba mai ɗaukar direba da ya haura sittin. Na san haka, shi ma ya sani.

'Yarsa tilo, Sajida, tana wani ƙaramin gari a jihar Iowa ta Amurka. Tana aiki a gidan kula da tsofaffi, mijinta Zaharadden kuma yana kamfanin sarrafa nama. Ta daɗe da shigar da takardun neman mahaifinta, shi ne dai yake ta ja da baya. Wata rana yana ofishinmu ta kira shi ta bidiyo, tana zagayawa da wayar cikin gidan.

"Baba, shuf, duba, ga ɗakinka. Ga lambu, tumatir ɗina ne wannan. Gidan namu ne fa, ba haya ba, albashin Zaharadden kaɗai ke biyansa. Yara da ƙafa suke zuwa makaranta."

"Masha Allah," in ji shi. "Wancan filin na bayanku na wane ne?"

"Gonar masara ce, Baba. Garin duka masara ce."

"Tayyib. To idan na mutu a cikin masarar, wa zai yi mini wanka?"

Zaharadden ne ya karɓi wayar ya faɗi gaskiya. Ya ce a sanyin bara wani dattijo Basomale ya rasu, sai da aka ɗauki gawarsa zuwa babban birni mai nisa, ta yi kwanaki kafin a rufe ta. Kuma a ƙasar, in ji shi, kabari saye ake yi.

"Kabarin ma?" Gwadabe ya dube ni. "Ka ji, Nasir. Gida da araha, rami da tsada. Halas, shi ke nan, ba ni zuwa."

Da ya ajiye wayar na gaya masa abin da nake gaya wa kowa. In iƙamar ta ƙare, ko dai ya tafi Najeriya inda bai san kowa ba, ko ya zauna ba takarda yana ɓuya. Ya ce ya gwammace ɓuyan, a ƙalla a nan idan ta Allah ta kasance za a sallace shi a masallaci a rufe shi a ranar. Ban yi masa musu ba. Mutumin da ya shekara da shekaru yana yi wa wasu sutura ya fi ni sanin abin da yake tsoro.

Zaharadden bai bar maganar ba. Musulmin garin ba su da yawa, Somalawa ne da Sudanawa da wani gida ɗaya na mutanen Bosniya, kuma a wani tsohon shago suke salla. Bayan Juma'a ya tashi ya faɗa musu tambayar surukinsa. Ashe kowa na da ita a rai, ba wanda ya furta ne kawai. Suka tura mutum uku zaman majalisar gari. Wata tsohuwa mai kula da maƙabarta ta ce akwai wata kusurwa da ba kowa, za a sayar musu a kan farashin da ake yi wa 'yan gari, ta kuma tambaye su wace nahiya suke so kaburburan su fuskanta. Mai gidan shirya gawa ya yarda ya riƙa ba su aron ɗaki. Abu ɗaya ya rage: babu wanda ya taɓa yin wankan da hannunsa.

Mai ja musu salla, wani Basudane, shi ya kira Gwadabe da kansa. Ya ce, "Ya Ammi, ba hutu muke kiran ka ka zo yi ba. Muna da fili, muna da ɗaki, ba mu da malami."

Bayan sati ɗaya sai ga Gwadabe a ofis da ledarsa.

"Nasir, idan biza ta fito ka buga mini khuruj niha'i."

Wato fita ta ƙarshe, wadda ba a dawowa da ita. Na ce, "Yaya Gwadabe, ka tabbata? Can fa babu kifin Jidda."

"Yalla, kai dai yi aikinka, sarkin tambaya."

Biza ta fito kafin iƙamar ta ƙare. Ya yi umara, ya ziyarci maƙabartar da Mariyamu take, Hatim da kansa ya tuƙa shi zuwa filin jirgi.

Yanzu yakan kira ni jefi-jefi. Yana ƙorafin sanyi, da kifin da ya ce ɗanɗanonsa kamar kwali, da alƙiblar da har yau yake ji kamar an karkatar da ita. Amma ya yi ƙiba. Da ƙafa yake zuwa salla, asibiti na bayan layinsu, jikokinsa sun fara mayar masa da amsa da Hausa. Ranar Asabar yana tara maza a shagon nan yana koya musu da matashin kai da yadi fari, Sajida kuma tana koya wa mata abin da ya koya mata.

A watan jiya ya kira ni. Wani dattijo cikin mutanen Bosniya ya rasu da safe, an rufe shi a kusurwar nan kafin magariba, shi ne na farko.

Na ce, "Allah ya ji ƙansa. Kai ka yi masa?"

"A'a, Zaharadden ne. Ni ruwa kawai na riƙa miƙa masa. Hannunsa da nauyi, sai na riƙa cewa a hankali, a hankali. Amma ya iya, Nasir. Alhamdu lillahi, ya iya."