Bakin Kazar Barmu

Jiya surukata ta aiko mini da kaza daga Kalfu. Kafin in yi godiya, hannuna ya riga ya kai ga bakin kazar ina dubawa. Nan take Kaka ta faɗo mini a rai.

Ita ba ta yarda da kazar kyauta ba. Takan ce, "Ba a ba da kaza mai ƙwai hakanan. Mi ta yi?"

Wata shekara ƙanenta ya zo daga Barmu da wata ja mai ƙiba, wai tsaraba. Kaka ta matse ta a hammata, ta shinshina bakin, ta kankaro wani busasshen abu rawaya da farce.

"Wagga ai gwaiduwa ta. Ƙwanta take sha, shi ne ka kawo ta ta koya ma nawa?"

Ya rantse bai sani ba. Kaka ta dama masa fura. Ta kife kazar da kwando, ta sa mata farin dutse mai kama da ƙwai. Har la'asar muna jin ƙwas-ƙwas, Kaka na kallon ƙanenta, shi yana kallon ƙasa. Washegari da kazar aka yi masa miyar ban kwana.

Tawa bakinta fes yake. Duk da haka tana ƙarƙashin kwando da dutsenta.

Allah ya jiƙan Kaka, ya sa inda ta tafi ta karɓi rabonta ba sai ta shinshina ba.