Zanen Da Ya Ci Babur Ɗin Babanta

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni malamin tarihi ne a wata makarantar kuɗi a Dutse Alhaji, irin malamin nan mai ganin duk wanda bai karanta abin da ya karanta ba yana buƙatar addu'a. Wata Asabar na tsinci wani tsohon littafi wajen masu gwanjon littattafai a Utako. An tattara a cikinsa zanen barkwanci da labaran yara da mutanen Holan suka riƙa bugawa a ɓoye lokacin da sojojin Jamus suka mamaye ƙasarsu. A wani shafi ga ƙaton soja ya ƙwace keken wata tsohuwa ya hau, gwiwoyinsa na dukan haɓarsa. Na kai wa 'yan aji biyar, na shirya dogon bayani. Ban ko fara ba suka tuntsire da dariya, wai ai sun san mutumin, shi ne mai kamen babura a bakin titi. Da yawansu 'ya'yan 'yan okada ne.

Bayan kwana biyu wata yarinya mai shiru-shiru ta kawo mini nata zanen. An kama babur ɗin babanta a makon nan. Ta zana ogan masu kamen, da tumbinsa da tabon goshinsa, ya kwanta kan tulin babura kamar kaza a kan ƙwai. Daɗi ya kwashe ni. Na zaro jan biro na rubuta sunanta da ajinta a ƙasa, don mu malamai takarda marar suna tana sa mu ƙaiƙayi, sannan na ɗauki hoto na ɗora a intanet. Ni da na karance littafin nan tas, ban lura cewa babu zane ko ɗaya a cikinsa mai sunan gaskiya ba.

Hoton ya yi ta yawo har ya isa inda ake tsare baburan. Uban ya je karɓar nasa ranar da aka sa masa, sai aka nuna masa zanen, aka tambaye shi ko ya gane sunan. Ogan ya ce babur ba zai fita ba sai yarinyar da malaminta sun zo sun durƙusa, ta yaga zanen a gabansa. Na goge rigata, na haddace ban haƙuri da Turanci mai kyau, na tafi gidan su yarinyar don mu wuce tare. Babanta ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni, yana ce mini Ticha, ko akwai ƙarya a zanen. Na ce babu, har tumbin ma an rage. Ya ce to shi ya sha durƙusa wa mutanen nan, gwiwarsa ta saba, amma ta 'yarsa sabuwa ce, ba zai kai ta a fara ba. Babur bai dawo ba. Yau baro yake turawa a kasuwa, in mun haɗu shi ke fara gaishe ni, abin da ya fi mari zafi.

Na yi nadama, amma a fahimce ni: ba kai littafin aji nake nadama ba. Gobe ma zan kai, kuma yara na nan suna zane. Abin da na koya shi ne malami kan so a san ɗalibarsa don a san shi, kuma ba shi ke kwana da yunwa ba in abin ya ɓaci. 'Yan'uwana malamai, in yaro ya kawo muku gaskiya a takarda, ku yaba masa, ku nuna wa duniya in kun ga dama, amma ku mai da biron aljihu. Wanda aka zana ya riga ya san kansa, ba sai ya san gidan da zai je ba.