Ruwan Rijiyar Inna Rakiya

Wata baƙuwa na gani tana tsugune a filin tsohuwar majemar da ke bayan unguwarmu a Yalwawa, inda ko ciyawa ba ta fitowa. Gwamnati ce ta ware kuɗi a auna ƙasar, a kwashe gubar da jima ta bari, a yi kasuwa, shi ne aka turo ta. Doguwa ce, da takalmin roba har gwiwa, mayafinta sai zamewa yake, da gani ba ta saba da shi ba. Hausarta ta mutanen Jos ce. Ina jin kusa da kududdufan haƙar kuza ta tashi, don yadda take sunsuna ƙasa ba a makaranta ta koya ba.

Inna Rakiya, wadda rijiyarta ke jikin filin, ta fito da ruwa a kwano.

"Sannu da rana, 'yar nan. Sha ki jiƙa maƙoshi."

Duk mun san ɗacin ruwan rijiyar nan, amma wa zai mayar wa tsohuwa kwanonta?

Baƙuwar ta cire safar hannu, ta rusuna, ta karɓa hannu bibbiyu. Ba ta sha ba. Ta tsiyaya shi a kwalbar gwaji, ta toshe.

"Mama, kin ba ni abin da na zo nema. Da shi zan fara."

Sai ta miƙa wa Inna gorar ruwanta.

Shekara da shekaru muna kuka da rijiyar nan, sai yau aka karɓi ruwanta da hannu biyu. Allah ya yi wa baƙuwar nan albarka, ko sunanta ban sani ba.