Sabo Ya Sallami Kowa Ban da Ofis

Ban taɓa mantawa da ranar da Sabo ya shigo kicin da goro a leda ba. Shekarar da aka cire tallafin mai ce, lokacin da masu gona ma suke auna gero da gwangwani. Ni ce shugabar masu girki a wata makarantar kwana a yankin Gezawa, kuma ni na kai sunansa aka ɗauke shi tuƙin tuwo, don magidanci ne mai ƙarfi, gidansa kuma babu.

Ku sababbi ku fahimta: duk wanda aka ɗauka, wata uku na farko gwaji ne. In ba ka yi wa hukumar makaranta ba, su sallame ka. In su ne ba su yi maka ba, kana da damar tafiya, amma sai ka kai sanarwa a rubuce wurin akawu mako guda kafin ranar. Wanda ya fita haka, ƙofa a buɗe take in ya dawo. Wanda ya ɓace kawai, a rubuta masa ya gudu. An karanta wa Sabo wannan a gabana, yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Ruwan shuka na sauka, sai ga shi da goro. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, har maigadi, har mai kawo itace. Gona yake so ya koma, wai albashin ba ya kai shi ƙarshen wata. Wannan ban ga laifinsa ba.

Na ce, "Ka je wurin akawu?"

Ya ce, "Haba Inna, gwaji fa nake. Ba a ɗaura aure ba, wane saki kuma?"

Na ce, "Ko zance ka je, ai ka sallami masu gida. Je ka a rubuta maka, ka dangwala."

Ya yi dariya. "Akawun nan yaron ƙauyenmu ne. Na gaya wa babansa a masallaci."

Babansa! Kamar tsohon ne ke riƙe da makullin ofis.

Damina ta yi tsaiko bayan shuka, geron Sabo ya ƙone a tsaye. Kafin kaka ya dawo, wuya ya zama kamar muciya. A lokacin ana neman mai tuƙi, don wanda ya gaje shi bai iya ba. Na raka shi ofis, ba don ya cancanta ba, don 'ya'yansa.

Akawu ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Baba Sabo, abin da ke rubuce shi ne ka gudu. Ba ni da ikon gogewa."

"Gudu? Ni da na yi sallama da rana tsaka? Inna, gaya masa!"

Na ce, "Na gaya maka tun farko."

Wani aka ɗauka daga Kano, mai tuwo da gudaji. Sabo kuwa yana bayan kicin yana faskare, ranar da aka samu itace.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu sun iya rabuwa da mutum, ba su iya rabuwa da ma'aikata ba. Ma'aikata ba ta da kunne, ba ta da kunya, ba ta zuwa masallaci. In za ku tafi, ku fara sallamar ta, mu kam za mu iya jira.