Alwalar Kawu Sale a Rumfar Mai Shinkafa

A loma ta uku Kawuna Sale ya ƙware da yaji, ido jawur, yana miƙa hannu a ba shi ruwa. Muna rumfar wata mai shinkafa da wake a kasuwar Kunci, shekarar da tsadar mai ta gigita kowa.

Matar ta ce, "Baba, ruwa fa na kuɗi ne. Kofi hamsin."

Na ce, "Hajiya, ruwan famfon?"

Ta ce, "Da iska yake hawowa? Je ka tambayi kuɗin man inji."

Da tarin ya lafa, Kawu ya ce a hankali, "'Yata, taimaka min da buta, zan yi alwala."

To wa zai sayar da ruwan alwala? Ta cika buta ta miƙo har da rusunawa. Lokacin ko ƙarfe sha ɗaya na safe ba ta yi ba, balle azahar.

Kawu ya tsuguna, ya wanke hannu, ya kai ruwa baki. Muna jira ya furzar, sai muka ji ƙwat! Na biyu ma ƙwat. Na uku haka.

Ta riƙe haɓa. "Baba, ai kurkurewa ake yi, ba haɗiyewa ba!"

Ya ɗago ya ce, "Azumi kika ga ina yi?"

Rumfa ta kwashe da dariya, har da ita. Ya kuwa ƙarasa alwalarsa tsaf, har ƙafa.

A gidanmu ruwa ake fara ba baƙo, amma ita ma ba kyauta take samun mai ba. Jama'a, ku raba mana gardama: Kawu halaliyarsa ya sha, ko Hajiya tana binsa kofi uku?