Malafar da Na Jefa a Kogi

A shekarun da nake magana, ni ne babba a gidanmu, a wani ƙauye kusa da Illo. Mahaifinmu ya rasu, gonar shinkafarmu ta fadama ta dawo hannuna, ga ni da zafin kai, ba a faɗa mini in ji. Ina da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya, Allah ya yi shi zabiya. Ba zan ɓoye ba, kunyarsa nake ji. Duk inda muka gifta sai 'yan zaman banza su ce ga Baturen fadama ya iso, ni kuma maimakon in huce a kan masu bakin, sai in dawo gida in huce a kansa.

Tun yana ƙarami innarmu ta saba masa da malafa da riga mai dogon hannu, kuma ba ta barinsa gona idan rana ta take. Ni a ganina sangarta ce. Wata ranar kasuwa na tsallaka ɓangaren Benin, na haɗu da wani wanzami mai romon baka, Allah ya isa tsakanina da shi. Ya ce ai fatar zabiya ɗanya ce, rana ce ke ƙarasa nuna ta. Ya ce in na ga baƙaƙen ɗigo sun fara fitowa, baƙar fata ce ke tsirowa daga ƙasa, a bar shi ya sha rana kawai. Dama abin da raina ke so ke nan, na haɗiye ba tauna.

Washegari muna cikin kwale-kwale za mu gona, na fizge malafar daga kansa na wurga ta cikin kogi. Saurayi ne lokacin, ya haura ashirin, amma bai ɗaga mini murya ba. Ya dai ce rana na ƙona shi kamar tafasasshen ruwa, ko ido ba ya iya buɗewa. Na kira shi raggo. Inna ta yi kuka ta ce in ji tsoron Allah, na ce ita ta lalata shi. Damina uku yana duƙe a fadama kai ba hula. Da ɗigon suka fito a wuyansa da kunnensa, ni wawa har nuna wa mutane nake yi ina murna.

Daga nan wani gyambo ya buɗe a kunnensa na hagu, ya ƙi warkewa. Na kwashe shi zuwa wurin mugun wanzamin nan, ya tsaga wurin da aska ya barbaɗa masa gari. Gyambon ya ƙara faɗi, ya fara wari. Kawunmu ne ya zo ya ɗauke shi zuwa asibiti a Birnin Kebbi, ko shawarata bai nema ba, na bi su ina kumbure-kumbure. Likita ya ce ciwon daji ne na fata, rana ce ta jawo shi, kuma ɗigon da nake wa murna gargaɗi ne. Ya tambaya cikin fushi wane marar imani ne ya bar zabiya a rana ba hula. Ƙanena ya dube ni. An yanke kunnen gaba ɗaya, har da wani sashe na wuyan.

Na koma da sanda neman wanzamin, aka ce ya yi gaba. Har gobe ina tsine masa, da shi da masu dariyar da suka dawo suna mana jaje. Amma ko na same shi, ai ba hannunsa ne ya jefa malafar ba.

Don haka duk mai zabiya a gida ya ji ni da kyau. Rana ba ta mayar da shi baƙi, cinye shi take yi. Ku rufe masa kai da jiki, ku nema masa man kariya daga rana, ciwon da ya ƙi warkewa ku kai asibiti, kada ku bari aska ta taɓa shi. Ni na gane bayan aikin gama ya gama. Na sayi malafa mafi faɗi a kasuwar Illo na aika masa gidan kawu, inda yake zaune yanzu. Inna ta dawo mini da ita, ta ce ya ce yana da hula, in da hali yayansa ya sayo masa kunne.