Farantin da ya fi ni suna

"Yaya, cire hoton nan, farantin da kifin ke ciki duk ya ɓare," in ji ƙanwata Rabi. Ita ke taya ni haɗa shafin intanet na bandar kifina. Ta samo wani hoto, kifaye manya sai sheƙi.

Na ce ba nawa ba ne. Wanda ya gan shi ya saya, me zan ce wa Allah? Muka bar hoton farantina.

Sati uku ba kira ko ɗaya. Kullum bayan asuba in duba, in ce yau ma da rabo.

Jiya waya ta yi ƙara, wata mata daga Yamai.

"Inna, ba ke ce kike zama bakin tabkin Madarumfa wajen shekarun casa'in ba, kina ba 'yan lakwal gyara in sun taso daga makaranta?"

"Ɗiyata, ina kika san ni?"

"Fuskarki ta ɓace mini. Farantin nan mai ɓararren baki na gane. A ɗaure mini kwali biyu."

Na ajiye waya ina ta kallon farantin. Ashe shekara talatin yana yi mini talla ban sani ba. Ku fa, wane tsohon abu ne kuka kusa ɓoyewa?